Hannun da Ke Cikin Hoton Taɓarya

“Kaka, kilo nawa ne shi?”

Ina zaune tsakar gida ina tsintar wake Sahabi ya faɗo mini da salula a hannu, ko sallamar bai ƙarasa ba. Nic ce wa? Yac ce Taɓarya mana. Nic ce mutumin da ya shekara ashirin da biyu cikin ƙasa, yau shi kuke son ɗorawa bisa sikeli? Yac ce gardama ce ta yi zafi a fadarsu ta shan shayi, wasu sun ce cikin masu nauyi za a sa shi, wasu sun ce matsakaici ne, kuma in ba a san ajinshi ba, ba a san da wa za a haɗa shi ba. Nic ce ku yi haƙuri ku je can ku tambaye shi da kanku, ai duk can munka nufa. Ya yi dariya yac ce, “Matar nan tawa, bakinki ya fi wuƙata kaifi.” Ya juya zai fita, na kira shi har sau biyu bai waiwayo ba. Ta gefen kunnenshi da anka buga nake.

Ga wanda bai san mu ba, Taɓarya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanshi na yanka Illa. Taɓarya sunan fagen dambe ne. Mu mahauta ne, asalinmu Barmou, daga baya Tahoua ta riƙe mu. Sahabi jikanshi ne, ɗan ɗanshi, shi ya sa yake ce mini matarshi ni kuma in ce mishi mijin banza. Ba yaro ba ne, shina da mata da ɗiya ta goye, shina da teburin nama a kasuwa. Watan nan Illa ya cika shekara ashirin da biyu da rasuwa, Allah Ya jiƙanshi Ya sa ya huta. Na so in rubuta addu'a da kalmomi masu sanyi irin waɗanda ake yi wa mamaci a jarida. To ban kama biro ba sai da haƙorana sunka fara zuba, a ajin yaƙi da jahilci, ban iya lanƙwasa magana ba. Yadda take a bakina haka za ku gan ta.

Abin da ya ishe ni shi ne fadar da ke jikin katangata. Matasa ne, 'yan kabu-kabu da mahauta da wani mai gyaran salula. La'asar na yi su ɗora butar shayi su ɗora gardama. Da can kokowa suke yi wa, kamar kowa a ƙasar nan. Tun da dambe ya shigo musu cikin salula daga Najeriya, na rasa barcin rana. Kuma ba su tsaya ga masu rai ba. Sai su tono wanda ya yi zamani tun iyayensu ba su san wando ba, su jera shi da wanda ke tashe yau, su ce in an haɗa wa zai kashe wa. Kisa a dambe ba na lahira ba ne, hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, ka tashi ka kakkaɓe. Amma yadda suke ɗaga jijiyar wuya, ka rantse gawa za a fitar.

Mutum uku suke juyawa kamar waina. Akwai Ɗan Kwalta, na yanzu, wanda suke kallo a salula. Akwai Mai Sarƙa, wanda ya yi tashe lokacin da iyayensu ke zuwa cin rani. Sai wana. Ina daga cikin gida ina jin su.

“Ɗan Kwalta ya fi shi sauri. Kafin tsohon ya ɗaga hannu an ba shi biyu.”

“Kai tafi can! Ɗan Kwalta mai shan lemun kwalba? Mutanen da can, fura sunka sha da nonon gaske.”

“To Mai Sarƙa fa? Ya fi su tsawo duka.”

“Raƙumi ma dogo ne, wa ya taɓa kashewa? Dubi damtsen dama na Taɓarya a hoton nan. In wagga ta sauka bisa kunnen Mai Sarƙa, turmin farko an tashi.”

“Kai da ko akuya ba ka iya kayarwa sai an riƙe maka ƙafa.”

Sai mai gyaran salula ya karɓi hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya auna faɗin kafaɗa bisa gilashi, ya yanke hukunci wai matsakaici ne. Zamanin Illa wa ya san aji? Naman ma da muke saidawa kashi-kashi muke yi da ido. A fage kalangu ke kira, ka fito, wanda ya ji zai iya ya fito maka, ko ya kai buhun gero biyu ko bai kai rabi ba. Yanzu an ce sai an hau sikeli tukuna. Ban ce ba kyau ba, ƙila da an yi haka tun da, kawuna da yawa sun tsira. Amma a ɗauki mamaci a auna shi da yatsa bisa gilashi, wanga kam sabon hauka ne.

Shi kanshi Illa an sha yi mishi irin wagga tambaya bayan ya bar dambe. Mutum ya zo teburinshi, maimakon ya sayi nama ya tafi, sai ya tsaya: Taɓarya, kai da Mai Sarƙa da kun haɗu fa? Amsarshi ɗaya ce, ko kai ba ya ɗagawa daga katako. “Ran wa?” In mutum bai gane ba yac ce, to ranar tawa ce ko tashi? Na yi barci? Shi ya ci abinci? Rana tana idona ko tana nashi? Ka faɗa mini ran wa, in faɗa maka wa zai faɗi. Sai ya miƙa maka namanka.

Ya san abin da yake faɗi. A fada suna rantsuwa gwiwar Taɓarya ba ta taɓa sanin ƙasa ba. Ƙarya suke. Ni na ga an kashe shi da idona a Kalfu, bayan girbi, ina budurwa ina tallan fura. Wani gajeren manomi ne, ko suna ba shi da shi a dambe, ƙafafu kamar turmi. Illa ya wuni cikinshi na murɗawa saboda wani nono da ya sha a hanya. Manomin ya sunkuya ya ɗauke shi da guda ɗaya, wana ya zauna daɓas kamar mai jiran tuwo. Ya tashi ya kama hannun mutumin ya ɗaga, munka koma gida a ƙasa shina tsayawa bayan kowace geza. Wanga manomi ba ya cikin salular kowa. In gaskiya suke so, shi ya kamata su haɗa da Ɗan Kwalta.

Amma duk wanga mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar tana cikin hoton.

Hoto ɗaya Illa ya bari a duniya da naɗin dambe. Shi Sahabi ya ɗauka da salula daga bangon ɗakina, ya bazu hannu-hannu har inda ban sani ba. A ciki Illa na tsaye gaban wani labule mai zanen bene, ya ja hannun dama baya an naɗe shi da zare, ya miƙo ɗayan gaba a buɗe. Haka ake tsayuwar dambe, hannu guda na duka, guda na kariya. Duk lissafin fada bisa wagga dama aka gina shi: tsawonta, nauyinta, ta inda za ta bi ta sami haɓar Mai Sarƙa.

Illa bai taɓa dukan kowa da dama ba. Bahago ne.

Da hauni anka haife shi, hagu inji mutanen gabas. Innarmu kuwa tac ce ɗanta ba zai ci tuwo da hannun tsarki ba tana da rai. Ta ɗaure mishi shi a ƙugu da ɗankwali, ta shafa mishi barkono, ta buge shi da ludayi, har ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, yanka da dama. Duk wanda ya san shi a teburin nama zai dafa littafi cewa na-dama ne. Sai da ya tafi cin rani ƙetaren iyaka, inda idon Inna ba ya kaiwa, haunin ya fito ya yi abin da anka halicce shi don shi. In shina gida lokacin girbi, bayan rumbu yake laɓewa ya yi naɗi, ni ke riƙe mishi bakin zare, in taka jikin rumbu in ja. Ladana ƙashi mai ɓargo, sharaɗina in rufe baki. Har makaɗinshi ya roƙa kada ya kuskura ya sa bahago cikin kirari, don kirari na shiga gida ko ba a gayyace shi ba. Inna ba ta zuwa fage, kuma duk Barmou ba mai ƙarfin halin kai mata labari.

Ku lura, damben bai dame ta ba. A fasa mishi baki, ta dafa ruwa ta gasa tana mita. Hannun ne ba ta yarda da shi ba. Da ya tashi ɗaukar hoto nan Tahoua, wurin wani mai hoto kusa da tasha, ya san bangon ɗakinta za a rataye shi. Sai ya naɗe dama. Duk mai ido ya duba zai ga naɗin ya yi sako-sako, shi kuma ya riƙe hannun kamar an ba shi jaririn wani. Inna ta rataye, duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata: kin gani, na gyara shi. Da ya yi aure ya aje zare, 'ya'yanshi ba su taɓa ganinshi a fage ba, shi kuma ba mai labarin da ba ne. Waɗanda sunka gani sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sai ni da hoto munka rage, kuma hoton anka fi saurara.

Da a bakin fada abin ya tsaya, da na bar su su yi ta auna iska. To ga Sahabi. Shi ma bahago ne, kuma zamaninshi ba a ɗaure hannu. Da hauni yake feɗe rago, da shi yake sara ƙashi, in ya ɗaga wuƙa mutane tsayawa suke kallo. Bara ya shiga dambe, don fada ta yi ta hura mishi kai wai jinin Taɓarya ne. Ya dubi hoto, ya naɗe dama. Abokanshi ma sun ce mishi ai ka yi amfani da hannunka, yac ce shi gadon gidansu zai bi, yadda kakanshi ya tsaya haka zai tsaya. Makwabciyata ta nuna mini a salula. Haunin nan na gaba sai zillo yake shina son duka an hana shi, in ya tura mutum da shi sai ka ga ƙato ya yi taga-taga. Sannan damar ta biyo baya a sanyaye kamar mai miƙa goro. Kafin ta iso an ba shi a kunne. Duk fitar da ya yi kashe shi anka yi, ya dawo fada ta ce mishi saura kaɗan.

Na gani, na yi shiru, kuma da gangan. Lissafina shi ne in ya sha kisa ya gaji zai bari ya koma teburinshi. In na faɗa mishi gaskiya ya naɗe hauni, zai fara kashe mutane, kalangu ya shiga kanshi, ba mai fitar da shi sai tsufa ko abin da ya fi tsufa. Ni na yi jinyar Illa. Shekarunshi na ƙarshe ciwon kai ba ya barinshi, hasken rana ma ba ya so, wani lokaci ya kira ni da sunan Inna. Likita bai ce dambe ne ba, ni ma ban ce ba, amma na san inda anka daddaki kan nan. Masu tambayar kilo, ni kaɗai na taɓa ɗaga Taɓarya. Na ɗaga shi daga tabarma zuwa gado, bai kai damin hatsi ba. Ku rubuta wanga cikin ajinku.

Kwana kaɗan bayan tambayar kilo Rakiya matar Sahabi ta shigo da hantsi da goyonta. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa kawo mini ƙarar miji ba. Ta zauna ta taya ni tsintar wake har ya ƙare, sannan tac ce, “Kaka, in ya kwanta bisa kunnen dama, ɗiyar nan ta yi ta kuka ba ya ji.”

Nic ce ai maza duk haka suke.

Tac ce, “A'a Kaka. Da shi ke riga ni tashi.” Ta gyara goyo. “Ran Lahadi zai fita da wani daga kudu, an ce ya fi shi. Na yi magana, na yi kuka, uwata ta yi magana. Ba zai bari ba. Ni yanzu ba bari nake roƙo ba. Roƙona ya daina dawo mini haka.”

Bayan ta tafi na daɗe ina kallon hoton. Ina ta tambayar kaina, da Illa zai leƙo yau mi zai ce? Sikelin zai ba shi dariya. Salula kuma, ya ga mutum na faɗuwa a mayar da shi baya ya sake faɗuwa har sau goma yara na ihu, zai ce wanga rashin imani ne, a zamaninshi in ka faɗi sau ɗaya ne, waɗanda sunka gani su tsufa su mance. Gardamar fada ba za ta ɓata mishi rai ba, ran wa zai ce musu ya wuce. Amma ya ga jikanshi na shan duka saboda wata 'yar dabara da ya yi don uwarshi ta ji daɗi, wallahi ba hoton zai zaga ba, ni zai juyo wa. Illa bai taɓa tura yaro fage ba, ko nashi ko na wani. Amma in yaro ya riga ya shiga, ba ya barinshi ya shiga da tsayuwar banza. Na sha ganin ya bar nama bisa katako ya je ya gyara wa ɗan wani ƙafa, ya dawo shina tsaki.

Ga abin da ya rage na wana bayan shekara ashirin da biyu: suna a bakin waɗanda ba su san muryarshi ba, hoto mai hannun aro, da hannu na gaske da ya tsallake ɗa ya faɗa jikin jika, an mayar da shi mai gadi. Dabarata ta shiru kuma ba ta hana komai ba. Kunne ɗaya ta ci, tana neman na biyu.

Ran Lahadi bayan azahar sai ga Sahabi da zarenshi a hannu, fada duk ta biyo shi ta cika mini zaure, babura na ta ƙugi a waje. Tun shina ƙarami ya ji a bakina cewa ni ke riƙe wa kakanshi zare. Bai taɓa tambayata wane hannu ba. Ba wanda ya taɓa tambaya, kilo suke tambaya. Rakiya na tsaye bakin madafa, muciya na jingine kusa da ita.

Ya durƙusa gabana yac ce, “Amarya, yau ke za ki ja mini. A sa albarka.” Ya miƙo dama.

Na buge ta. “Miƙo ɗayan.”

“Kaka, ai dama ake...”

“Inji wa?”

“Hoton Taɓarya.”

“Hoton na Inna ne, don ita anka yi shi. Kakanka bahago ne, da hauni ya kashe duk wanda ya kashe. Kai kuma jaki ne, Allah Ya ba ka hannu kana dambe da na aro.”

 Sahabi ya juyo mini da kunnen mai ji yac ce in sake faɗi. Na sake, da ƙarfi, har da labarin ɗankwali da barkono. Ya dubi haunin nashi sama da ƙasa kamar wanda ya gamu da ɗan'uwanshi a tasha.

“Tun bara kina kallo ana kashe ni?”

“Ina kallo. Na ɗauka kana da hankalin bari, ashe ba ka da shi. Ka saurara da kunnen da ya rage maka. Yau ka fita da hannunka. In anka kashe ka da shi ma, ba sauran hoto ba sauran kaka, ka kawo mini zaren nan in ɗaure akuya. Ka yarda gaban matarka?”

Ya dubi Rakiya, ya sunkuyar da kai. “Na yarda.”

Na shimfiɗa ƙyalle bisa yatsun, na fara zagayawa. Hannuna bai mance ba, ƙarfin ne babu. Na ja zaren ya ƙi matsewa. Rakiya ta tako, ta kama bakin zaren, ta taka gindin turmi, ta ja har jijiyar hannunshi ta tashi.

Daga zaure mai gyaran salula ya yi gyaran murya. “To Kaka, tsaya. In bahago ne lissafi ya canza ke nan. Shi da Mai Sarƙa, wa zai kashe wa?”

Na bar wa Rakiya zaren, na ɗauki muciya.